Tukunyar Inna da Kofin Zari-Ruga

Har yau idan tsofaffin abokan wasana suka haɗu a wajen ɗaurin aure ko ta'aziyya a Ƙurban, unguwarmu a Madina, sai wani ya tayar da zancen shekarar da muka kai wasan ƙarshe. Ba a taɓa yi ba kafin mu, ba a sake yi ba bayanmu, domin gasar kanta ta mutu da Turawan da suka kawo ta suka tattara nasu ya nasu suka koma gida. Ni kuwa idan an fara sai in gyara zama, in yi shiru irin na manyan jarumai, in ba su dama su yabe ni. Ba su cika amfani da damar ba.

Wasan shi ne zari-ruga, irin na mutum goma sha uku a kowane ɓangare. A Yanbu na koyo shi, wajen tsakiyar shekarun casa'in na miladiyya, lokacin da nake aikin walda a can. Shugaban sashenmu wani Bature ne daga arewacin Ingila, guntu, mai kaurin wuya, hancinsa ya taɓa karyewa ya warke a karkace. Ranar da ya fara ganina ya zagaye ni kamar mai tayin ragon layya, ya tambaye ni ko na taɓa yin wani wasa. Na ce ƙwallon ƙafa, a unguwa. Ban gaya masa cewa a raga ake ajiye ni ba, saboda ina cike ta.

Ƙa'idar wasan ba ta da wuya. Ƙwallon mai siffar ƙwai ce, ka rungume ta ka ruga gaba, ba ka miƙa wa ɗan'uwanka sai ta baya, abokan karawa kuma su cafke ka su kayar. Idan an kayar da kai sai ka tashi maza ka tura ta baya da ƙafa a ci gaba. Aka kayar da ku sau shida ba ku kai ta bayan layinsu ba, sai ku ba su su ma su ɗanɗana. Aikina a ciki shi ne in tsaya a gaba a yi karo da ni. Baturen ya ce don wannan aka halicce ni, ni kuma na ɗauka yabo ne.

Rasuwar Baba ce ta dawo da ni Madina. Ni ne babba, Inna kuma ba ta da wani namiji a gidan. Na samu aiki a wani kamfanin gyare-gyare a bakin gari, na zo da ƙwallo ɗaya a cikin jaka, ban jima ba na ruɗi mutane muka kafa ƙungiya. Akwai Hausawa haifaffun nan irina, akwai 'yan Sudan, akwai 'yan Chadi, da Larabawa biyu da har yau ban san abin da ya kai su ba. Kyaftin ɗinmu wani bakanike ne ɗan Chadi da ke zaune a unguwar Bani Harisa, siriri mai tsananin gudu, wanda ya yarda ya shiga don kawai yana son ya ga wanda zai iya kama shi.

Gasar ta ma'aikatan kamfanoni ce na yankin yamma, ana yin ta da sanyi, ranakun Alhamis bayan la'asar, kuma sili-ɗaya-ƙwale ce: aka doke ka sau ɗaya ka koma gida sai baɗi. Shekararmu ta farko mun je Jidda a cikin wanet biyu, motocin a-kori-kura, aka yi mana dukan da muka dawo ba mai yi wa wani magana. Shekara ta biyu masu shirya gasar suka tausaya mana, tunda ba mu da bas, suka ce duk wanda zai kara da mu shi zai zo. Sun yi lissafin zuwa ɗaya ne, a zatonsu wasan farko za a fitar da mu. Filinmu yana kan hanyar Yanbu, a wajen haddin Harami, saboda a cikin baƙin akwai waɗanda ba Musulmi ba, ba za su shiga gari ba. Mu muka tsince baƙaƙen duwatsunsa da hannu, muka kafa turaku da bututun ruwa.

A gida kuwa hankalina ba a kwance yake ba. Inna ta gama takaba tuntuni, amma ba ta fito daga cikinta ba. Matar da ta shekara talatin tana tuƙa tuwo tana sayar wa alhazai, wadda ake jin muryarta daga bakin layi tana faɗa da masu kawo gawayi, ta koma ta zauna a kan darduma tana kallon bango. A kawo abinci ta taɓa loma biyu ta ture. Likita ya duba ya ce bai ga komai ba. Matata da ƙanwata suka yi lallashi har suka gaji. Ni tsoro nake ji, tsoro sosai, domin na ga yadda take ramewa, na kuma san ana bin miji ta wannan hanyar.

Ana saura kwana kaɗan wasan farko, ina zaune a falo ina shafa wa gwiwata man zafi, na ce wa matata mutanen Jidda za su zo ranar Alhamis. Sai muka ji murya daga kan darduma.

"Wa zai ciyar da su?"

Na juya. Inna ba ta kiran sunana, ni ɗan fari ne, don haka sai ta kalli gefena kaɗan idan da ni take.

"Inna, za su tsaya a mahaɗɗa su sayi sandawic. Haka ake yi."

"Mutum ya taso tun daga Jidda ya zo garin Manzo, ya ci sandawic a gidan mai? Aib, ya waladi, abin kunya ne."

Na ce ai ba ma za su shigo gari ba, wasunsu ba Musulmi ba ne, a bayan haddi za mu haɗu. Na ɗauka zancen ya wuce. Can ta ce to ai waɗannan su suka fi cancanta, tunda ba abin da za su sani na Madina sai abin da muka fitar musu. Ta tambayi ko su nawa ne. Kafin in gama lissafi ta miƙe, ta dafa bango, ta nufi kicin tana tambayar wanda ya taɓa mata babbar tukunya.

Ranar Alhamis wanet ɗin kyaftin ta isa fili da manyan farantai. Shinkafa buhari da naman rago, waina da miyar taushe, tsire irin wanda Baba yake yi, wanda Larabawan nan suke kira siriyya, ga dabino, ga shayi da na'ana'a. Mutanen Jidda sun sha doguwar tafiya, suka sauko daga bas da yunwa. Ba su jira an roƙe su ba. Muka shimfiɗa sufura, ledar da ake cin abinci a kanta, muka tsaya a kansu muna ƙara musu, kamar yadda masu gida suke yi, duk wanda ya ɗaga hannu mu rantse masa da Allah sai ya ƙara. Mu ba mu sa komai a baki ba, hidima ta hana.

Muka doke su. Ni da kaina na kayar da wani ƙaton Bature, ya faɗi ya daɗe yana kallon sama. Ban tsaya na tambayi kaina abin da ya sa mutumin da ya wuce ni kamar iska bara ya zo bana yana tafiya kamar mai ɗauke da tulu ba. Na ce horo ne, da jajircewa, da kuma baiwar da Allah ya yi wa wasu bayinsa. Satin nan duka a karkace nake shiga ƙofar masallacin unguwa, wai kafaɗuna sun yi faɗi.

Inna ba ta tambayi wanda ya yi nasara ba. Farantai ta duba. Da ta ga an sharɓe su ƙal, ta ce wainar ba ta tashi yadda take so ba, shinkafar da ake sayarwa yanzu ba ta da kirki. Ta ci abinci a daren nan, cikakken faranti, tana ci tana kushe shi. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa don kada matata ta ga idona.

Daga nan gasar ta zama wani abu daban a wurina. Kowace nasara tana nufin wasu baƙin za su zo, Inna za ta sake aika ni kasuwa, ta sake dawo da ni saboda albasar da na sayo. Aka doke mu kuwa, shi ke nan, ba baƙi sai baɗi, kuma ban san ko darduma za ta bar mana ita har baɗi ba. Ban gaya wa 'yan ƙungiyar wannan ba. Na dai dame su da atisaye har kyaftin ya ce idan ina son in mutu in tafi ni kaɗai.

Mutanen Rabig suka zo a zagaye na biyu, suka ci, muka yi musu hidima, muka fitar da su. Labari ya bazu a yankin cewa 'yan Madina sun kai wasan ƙarshe. Wani ya ce asiri ne. Wani ya ce filin ne. Ni na san gaskiya, kuma a ganina gaskiyar tana sanye da riga mai lamba takwas, wato tawa.

Wasan ƙarshe da Yanbu ne, masu riƙe da kofin, kuma mai horar da su tsohon shugabana ne mai karkataccen hanci. Inna ta kwana biyu tana shiri. Ta ce wannan karon da idonta za ta ga baƙin. Mijin ƙanwata yana da wata tsohuwar mota mai baƙin gilashi, ya ɗauko ta ita da ƙanwata, ya tsaya can gefen fili inda za su ga komai ba a gan su ba. Fitarta ta farko ke nan daga unguwa tun rasuwar Baba.

Bas ɗin Yanbu ta iso bayan azahar. Baturen ya sauko ya rungume ni, ya dubi farantan da aka jera, ya shaƙi ƙamshi har ya lumshe ido. Sannan ya juya ya yi wa mutanensa magana da kakkausar murya, suka ja baya kamar an ce akwai maciji a sufurar. Da guntun Larabcinsa ya ce mini ya gode ƙwarai, ya ji labarin abincin mama tun daga Jidda, za su ci amma sai bayan wasa. Suka koma inuwar bas suka fito da ayaba da ruwa.

Na taka zuwa motar. Gilashin ya sauko kaɗan.

"Me ya hana su zama?"

"Sun ce sai bayan wasa, Inna."

"Kowane baƙo haka yake cewa. Kunya ce. Ko ba su ga abin da suke so ba ne?"

Ta leƙa wajen farantan. Ta fara tambayar ƙanwata ko gishiri ya yi yawa a naman, ko ƙila Turawa ba sa son yaji, ko dai hannunta ne ya lalace da zama. Muryar ta fara komawa irin ta kan darduma, ƙasa-ƙasa. Sai kuma ta daure ta ce, "Ku masu gida ku zauna ku sa hannu. Baƙo ba ya fara ci mai gida yana tsaye yana kallon bakinsa. Suka ga kun fara za su zo."

Na zauna da Turawan nan shekaru, na san idan sun ce bayan wasa to bayan wasa suke nufi. Amma na ce to, Inna. Na koma na gaya wa kyaftin. Ya dube ni, ya dubi motar, ya dubi tsiren. Ya ce, "Maganar hajiya ce, ya ahi. Loma ɗai-ɗai kawai, don su saki jiki." Muka wanke hannu muka zauna, muka bar musu wuri a tsakaninmu, muna ɗaga murya muna tafaddalu, tafaddalu, bismillah ku matso. Suna ɗaga mana ayaba daga nesa.

A nan al'ada ta kama mu da kyau. A gidajenmu mai gida ba ya tashi daga sufura kafin baƙo, domin tashinsa yana nufin an gama, baƙo ma ya janye hannu. To baƙonmu bai ma zauna ba tukuna. Tashi zai zama kamar mun rufe musu ƙofa, ga kuma Inna tana kallo. Zama a gaban abinci hannu a naɗe kuwa ya fi muni, sai baƙo ya ce abincin ne ba ya ciwuwa. Saboda haka muka ci gaba da tsakura, a hankali, cikin ladabi, muna jiran su. Wannan ya ɗauki waina ɗaya don ya nuna musu yadda ake tsoma ta a miya. Wancan ya yagi nama don su ga ya dahu. Ni na ɗauki nauyin nuna musu shinkafa, kuma ban yi ha'inci a aikin ba.

Ƙattai kusan ashirin suna tsakura tun bayan azahar har kiran la'asar. Ban san lokacin da hannuna ya taɓa ƙarfen faranti ba. Na ɗaga kai na ga kyaftin ya jingina da tayar wanet yana numfashi ta baki. A sallar la'asar ruku'u ya ba mu wuya, sujada kuwa ba wanda ya yi gaggawar ɗagowa daga cikinta, har wani daga cikin Musulmin Yanbu ya yaba da natsuwarmu.

Wasan kansa ba ni da abu mai yawa da zan ce a kai. Karon farko da aka yi da ni na ji duk abin da na ci ya taso ya gaishe ni. Kyaftin, wanda ba a taɓa kamawa ba, wani dattijon Bature mai sanƙo ya bi shi ya kamo ba tare da ya sauya numfashi ba. Sau ɗaya ƙwallo ta zo hannuna. Na yi taku uku aka kayar da ni, na ji ƙasar nan da sanyi-sanyi, na ji ba inda ya fi nan daɗi a duniya. Alƙalin wasa ya tsaya a kaina yana jiran in tashi in tura ƙwallo baya, ni kuma ina roƙonsa da ido ya ƙara mini minti ɗaya. Maki kuwa na daina bin lissafinsu tun kafin hutu. A kwance a wurin ne na fara zargin cewa ƙila ba ni na doke Jidda da Rabig ba.

Aka busa tashi, aka miƙa musu kofin, ɗan ƙarami ne ma, bai kai butar shayi ba. Suka yi tsalle-tsallensu suka gama. Sai ga Baturen ya nufo ni yana murza hannu, mutanensa a bayansa, jiki duk ƙasa, ido duk yunwa. Ya ce yanzu kuma abincin mama. Muka taka tare zuwa sufurar. Ƙasusuwa ne, da ƙwallayen dabino, da yankan lemon tsami guda biyu. Wani daga cikinsu ya ɗaga murfin wata tukunya ya leƙa, ya mayar a hankali.

Na ji ƙarar ƙofar mota. Inna ta sauko, ta tsaya a jikin ƙofar da abayarta, ta yafito ni. Na je ina ɗingishi, ina shirya kalaman ba ta haƙuri a kan kofin.

"Cewa na yi ku sa hannu," in ji ta. "Ban ce ku sa kai da ƙafa ba. Yanzu bayin Allah nan haka za su koma Yanbu, su ce sun zo Madina masu gida sun cinye abincin suna kallo?"

"Inna, ke kika ce..."

"Uskut, yi mini shiru. Ka gaya wa mai hancin nan kada wanda ya motsa. Kai kuma shiga mota."

Na isar da saƙo. Baturen ya fara cewa ba komai, za su tsaya a hanya. Kyaftin ya je ya buɗe gaban bas ɗinsu, ya leƙa, ya girgiza kai, ya ce akwai abin da bai gamsu da shi ba a injin, gyaran zai kai isha'i. Ya sa aka ɗora musu shayi.

Mun shiga Ƙurban ana kiran magariba. Kafin in fito daga masallaci Inna ta tayar da layinmu gaba ɗaya. Tana tsaye a ƙofar gida tana ba da umarni da Hausa, tana maimaitawa da Larabci don 'yan matan da ke yi kamar ba su ji ba. Kowane gida ya miƙo tukunyar abincin darensa, na wannan tuwo, na wancan taliya, maƙwabtanmu 'yan Sudan suka kawo kisra, gurasarsu mai falle-falle, da miyar kuɓewa. Ita kuma ta ɗora tanda a kan wuta biyu tana zuba sauran ƙullin waina, tana juya kaji a mai, tana yi wa matata faɗa a kan yankan albasa. Muryarta har bakin titi. Ni aka ba ni ɗaukar kaya, haƙarƙarina yana ciwo, duk wadda na wuce sai ta tambaye ni ko na ƙoshi.

Muka koma fili da abincin unguwa guda. Aka haska fitilun motoci, mutanen Yanbu suka zauna suka ci kamar ba gobe, kofinsu a gefe ba mai kallonsa. Inna ta aiko cewa kada ɗan Madina ko ɗaya ya zauna. Ba ta buƙaci faɗa ba, ba mai wurin sa ko dabino. Muka tsaya a kan waɗanda suka lallasa mu muna ƙara musu miya. Da suka gama, Baturen ya taka har kusa da motar, ya tsaya daga nesa, ya ɗora hannu a ƙirji ya sunkuyar da kai. Injin bas kuma ya warke da kansa.

A hanyar gida ina gaba kusa da mijin ƙanwata, farantai suna ƙara a baya. Ina ta tunanin gasa ta ƙare, baƙi sun tafi, gobe Juma'a ba abin da zai tayar da ita daga kan darduma. Mun wuce alamar haddi sai na ji wani sauti daga kujerar baya, na ɗauka tari ne. Dariya take yi.

"Ubanku ke nan," in ji ta. "A zaunar da shi ya taya baƙo ci, sai ya cinye rabon baƙon yana ba shi labari. Sau nawa ina sake ɗora tukunya saboda shi."

Tun ranar da aka fita da shi ba ta ambace shi ba sai a wannan lokacin. Ta yi ta dariya har ta koma kuka, ƙanwata ta riƙe ta, mijin ƙanwata ya rage gudu. Ni na kafe idona a kan titi. Da muka iso ƙofar gida ta share fuska, ta ce gobe bayan Juma'a in kai ta kasuwa da kanta, ta gaji da albasar da nake sayowa. Farantan kuma ni zan wanke, tunda ni na fi kowa sanin abin da ke cikinsu.